Fili ko gidan haya: wanne ya fi ga mai tara kuɗi a hankali?

Wani ɗan'uwa ya ce ya shekara 9 yana cire wani abu daga albashinsa, yanzu kuɗin sun taru. Yana tambaya ko ya sayi filaye biyu a bayan gari ya ajiye, ko kuwa ya haɗa kuɗin duka ya sayi ƙaramin gida a cikin gari ya zuba 'yan haya.

Malam, fili sau ɗaya yake biyan mai shi, ranar da ya sayar. Gidan haya yana biya duk shekara, amma shi ma duk shekara sai ya karɓi nasa. Daga nan sauran bambancin ya taso, don haka bari mu sa lissafi a gaba. A ce kuɗin naka miliyan 20 ne, ko da kuɗin wace ƙasa kake ƙirgawa. Misali ne kawai, ka musanya da naka alƙaluman.

Ka sayi gida miliyan 20. La'adar dillali, kuɗin lauya da na rajistar takardu sun ci, a ce, miliyan 1.5, jarinka ya zama miliyan 21.5 ke nan. Hayar shekara miliyan 1.6. Dillali zai ce maka gidan yana ba da kashi 8 cikin 100, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Cire hayar wata guda, wajen 130,000, domin tsakanin fitar wani da shigar wani ɗaki yakan zauna ba kowa. Cire gyara: masu harkar sukan ware kusan kashi 1 cikin 100 na darajar gida a kowace shekara, 200,000 ke nan, tsohon gida kuwa ya fi haka ci. In wani ne zai riƙa karɓar maka haya yana duba gidan, ka ware masa kamar kashi 10 na abin da aka karɓa, 150,000. Haraji da inshora, a ce 100,000. Abin da ya saura a hannunka miliyan 1 ne da 'yan kai. Raba shi da miliyan 21.5, ka samu kashi 4.7. Da haya kaɗai, sai gidan ya shekara 21 kafin ya dawo maka da kuɗinka. Wannan kashi 4.7 shi ne lambar da za ka riƙe, ba 8 ba.

To amma gidan ma yana ƙara daraja. A nan akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ƙasar da ke ƙarƙashin gidan ce ke tashi, ginin da ke kanta tsufa yake yi. Kwano yana tsatsa, bututun ruwa yana ɓulewa, wayar wuta tana gajiya, fenti yana son sabuntawa duk shekara 4 ko 5. Shi ya sa tsohon gida mai faɗin fili a unguwa mai rai yakan fi sabon gini mai ƙyalƙyali da aka cusa a lungu.

Shi kuwa fili lissafinsa gajere ne. Ba haya, ba kiran dare cewa famfo ya fashe. Ribarsa duka tana cikin tashin farashi, kuma akwai hanya mai sauƙi ta auna ta: raba 72 da yawan shekarun da farashin ya ɗauka kafin ya ninka. Fili ya ninka a shekara 8, ya ba ka kashi 9 a shekara. Ya ninka a shekara 4, kashi 18. Sai ka ɗora wannan a kan hauhawar farashi. In kaya suna tashi da kashi 12 a shekara, komai yana ninkawa cikin shekara 6, don haka wanda filinsa ya ninka a shekara 8 ya ga kuɗi da yawa a hannu, amma abin da za su saya masa bai kai na da ba. Da yawa cikin masu murnar "na saya kaza, na sayar kaza" ba su taɓa yin wannan lissafin ba.

Me ke sa fili ya tashi da gaske? Mutane su iso wurin. Titi, wuta, ruwa, makaranta, kasuwa, masana'anta. Ka sayi inda ka ga gini yana matsowa da idonka, gidajen ƙarshe ba su fi tafiyar minti 10 a ƙasa ba, ba inda aka ce maka "an ce za a yi titi" ba. Gani ya kori ji. Aikin da ke kan takarda yana iya shekara 20 bai sauko ƙasa ba, kuɗinka kuma suna kwance a cikin ciyawa.

Ta wajen abin da kan lalace, fili ya fi haɗari a ranar saye, gida kuma ya fi wahala bayan saye. Masifun fili kusan duk na takarda ne: an sayar wa mutum biyu ko uku, filin gado ne wani magaji ya sayar bai sanar da sauran ba, an jinginar da shi a banki, ko yana kan layin da hukuma ta ware don titi, manyan wayoyin wuta ko magudanar ruwa. Maganin a jere yake. Ka kai lambar takardar ofishin rajistar filaye a duba sunan wa ke kai, kuma ko akwai bashi ko shari'a. Ka ɗauko safiyo naka, wato mai awon fili, ba na mai sayarwa ba, ya auna ya tabbatar iyakokin da ke ƙasa su ne ke cikin zane. Ka tambayi maƙwabta ba tare da dillali yana tsaye ba. Ka koma wurin bayan an yi ruwa mai ƙarfi, domin kwari ba ya nuna kansa da rani. Kada ka biya cikon kuɗi sai lauya ya rubuta yarjejeniya an sa hannu gaban shaidu, ka biya ta banki, sannan ka mayar da sunanka kan takardar nan take. Bayan nan ka kewaye, ko da bulo layi uku ne, domin filin da aka bari ba alama shi ake ci daga gefe, ko a mai da shi juji.

Gida yana bukatar duk wannan binciken, da ƙarin na gini. Ka je da injiniya ko gogaggen magini. Siririyar tsaga a filasta ba komai ba ce. Tsagar da ta bi bango a karkace, musamman daga kusurwar taga ko ƙofa, tana faɗaɗa, alama ce harsashin ginin yana nutsewa, kuma gyaransa yana iya cinye hayar shekaru. Sabon fenti a gindin bango kaɗai, ka zargi danshi. A hau a duba katakon rufi saboda gara. Sannan ɗan haya: wanda ya daina biya ba a fitar da shi da ƙarfi, sai ta hanyar sanarwa da kotu, kuma watannin da za a ɗauka asararka ce. Ka bincika sana'arsa da inda ya baro, ka rubuta wa ke gyara me.

Dukansu ba a sayar da su da gaggawa. Ranar da bukata ta taso, mai saye yakan gane, sai ya taya da wulaƙanci. Filaye biyu sun ɗan fi a nan, don kana iya sayar da ɗaya ka riƙe ɗaya. Ko wanne ka zaɓa, ka bar kuɗin cefanen wata 6 a gefe, kada ka zuba su ciki.

Kada kuma ka yarda da zancen cewa ƙasa ba ta faɗuwa. A Japan farashin filaye ya kai ƙololuwa a 1991, ya yi ta sauka fiye da shekara 10 a jere. A Amurka farashin gidaje ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 2006 da 2012. Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu bashi: in ka biya kashi 20 ka ranto 80, farashi ya sauka da kashi 10 kawai, rabin kuɗinka ya tafi, bashin kuma yana nan yadda yake. Kai da ka tara naka, kada ka ranto don cika kuɗin gidan da hayarsa ba ta kai abin da za ka riƙa biya ba.

A ganinmu, in albashinka yana riƙe gidanka kuma za ka iya manta da kuɗin nan shekara 7 zuwa 10, ka sayi fili ɗaya mai kyau kusa da inda gari ya tsaya, maimakon biyu masu nisa, ka kewaye, ka yi amfani da ragowar ka fara ɗakuna biyu da bayan gida bisa zanen da hukuma ta amince da shi, ka kammala su tsaf a shiga kafin ka tayar da wasu. Kangon da ba rufi ruwa ne ke cinye shi. In kuwa ritaya ta kusa, ko kana bukatar abin da zai riƙa shigowa, gidan ya fi maka, da sharaɗin ka nemi ganin rasiɗin hayar shekara 2 da suka wuce, ka yi lissafin da muka yi a sama da alƙaluman gidan na ainihi, kafin ka ba da kafin alƙalami.