Wasiƙa daga Ingila: Tsofaffi, Waya da Gizo

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka tambaye ni ko tsofaffin nan ma suna fama da waya kamar yadda Inna take fama. Suna fama ƙwarai, har ma sun fi ta, domin su dole ce ta kama su. Bankuna sun rufe rassa da yawa, ganin likita kuwa ko dai ka nema ta manhajar NHS, wato hukumar kiwon lafiyar ƙasar, ko ka yi ta jiran layi a waya, kai har tarhon cikin gida ana mayar da shi kan intanet. Tsohon da bai iya ba sai ya zama baƙo a garinsu.

Abin da suka fi mu shi ne akwai wurin zuwa. Dokar 1964 ta wajabta wa hukumomin yanki su samar da laburare, aron littafi kuma kyauta ne. A na unguwarmu nake aikin sa kai duk ranar Alhamis. Akwai kwamfutoci, akwai darussan koyon amfani da intanet masu suna Learn My Way na ƙungiyar Good Things Foundation, waɗanda ba a biyan ko sisi, kuma ƙungiyar tana raba layin waya da data ga marasa hali. Wasu tsofaffin sai su zo da sabuwar waya a kwalinta, 'ya'yansu sun saya musu amma ba wanda ya zauna ya nuna musu.

Ƙa'idar farko da aka koya mana: kada ka karɓi wayar daga hannun mai ita. Ko zai yi minti goma yana neman inda zai latsa, ka naɗe hannunka ka jira. Wallahi da wuya, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Nan na tuna yadda muke yi wa Inna. Da ta ce "ɗan duba min," sai jika ya fizge, ya latsa nan ya latsa can, ya miƙa mata. Shekara nawa ke nan, har yau ba ta san yadda ake buɗe saƙo ba, lambar sirrinta kuwa duk gidan an haddace.

Amma kada ka ɗauka komai nasu ya fi namu. Ƙasar nan sai da ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018. Hirar da Inna take samu tun safe har dare ba tare da ta nema ba, su sai an sa mata rana da lokaci, an jera kujeru. Har mako guda suke warewa na ba da labari, wajen ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, wanda ƙungiyar Society for Storytelling ta assasa.

A irin wannan zama ne wata tsohuwa 'yar asalin Jamaika, wadda na yi wata biyu ina fama da ita ta ƙi ko taɓa gilashin wayar don tsoron 'yan damfara, ta tashi ta ba da tatsuniyar Anansi. Yaya, Gizo ne sak! Wayonsa, haɗamarsa, da yadda yake faɗawa ramin da ya haƙa. Daga mutanen Akan na Ghana labarin ya tsallaka teku a bakin bayi. Da aka tashi na ce mata ai mu ma muna da shi, har da matarsa Ƙoƙi. Ta riƙe hannuna tana dariya, ta ce jikokinta ba su taɓa jin ko ɗaya ba, suna can Kanada. Na ce ai wayar nan tana ɗaukar murya. Ran nan da kanta ta danna, ta riƙe, ta saki. Yanzu duk mako sai ta tura musu guda ta WhatsApp, daga nan kuma ta koyi kiran bidiyo ba tare da na matsa mata ba.

Don Allah ka ce wa yaran gida su daina karɓar wayar Inna. A nuna mata alamar makirfo kawai, a bar ta ta danna da hannunta, ta turo min tatsuniyar Gizo da Ɓaure. Na yi wa tsohuwar nan alkawarin zan fassara mata ranar Alhamis.