ELSA Speak a bakin Bakatsine: inda take gyara, da inda ya kamata a ƙyale ta

ELSA Speak manhajar waya ce da ke sauraron Turancinka ta nuna maka sautin da ka karya. Wata 'yar ƙasar Biyetnam, Vu Van, ita ce ta jagoranci kafa kamfanin a 2015. Aikinta ba wuya: ta rubuto kalma ko jimla, ka danna alamar makirfo ka karanta, ta dawo maka da haruffan cikin launi. Kore ya yi, rawaya da saura, ja a sake. Ana sauke ta kyauta, amma darussan kyautar kaɗan ne, sauran sai an biya, kuma sai da data take aiki.

A ganinmu malama ce ta gari wajen gyaran baƙaƙe. Makin da take bayarwa kuwa, kada ka mai da shi alƙibla.

Inda ta fi yi wa Bahaushe rana shi ne rikicin "p" da "f". Hausa ba ta raba su ba. "F" ɗinmu da leɓɓa biyu ake yin ta, haƙori bai shiga, a Katsinanci ma takan koma "hw", ka ji hwara da hwaɗi. Shi ya sa "pan" da "fan", ko "copy" da "coffee", suke fita iri ɗaya. Wanda kuma ya tsorata da kuskuren sai ya zarce, ya mai da "fifty" ta zama "pipty". Abokinka zai ji nauyin gyara maka sau goma a jere, ita kuwa ba ruwanta da kara. Gyaran kansa a leɓe yake. Don "f", ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka saki iska, ya zama kana iya jan sautin har daƙiƙa uku. Don "p", rufe leɓɓa ruf ka sake su lokaci guda. Ita ba ta jawuwa. Riƙe ƙyallen takarda a gaban baki: in ka ce "pan" daidai za ta yi tsalle. "V" kuma "f" ce da aka sa wa murya. Dafa maƙogwaro, in ka ji yana rawa haƙori kuma yana kan leɓe, "vote" ta rabu da "boat".

Na biyu, jerin baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, sai mu cusa wasali a tsakani. Haka aka samu burodi, buroshi, firamare da sukurudireba, kuma a Hausa daidai ne, babu abin gyara. Matsalar sai an ɗauko al'adar cikin Turanci, "school" ta zama sukul, "film" ta zama filim. Manhajar tana kama wannan da kyau. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a gina kalma daga baya: "reet", sai "treet", sai ka ja "s" kamar hucin maciji ka faɗa kan sauran, "street". A lura da ƙarshen kalma ma. In "d" ta "called" ko "s" ta "books" ta faɗi, nahawu ne ya faɗi, mai sauraro bai san jiya ake nufi ko yau ba.

Tsawon wasali bai kamata ya ci maka lokaci ba. Wanda ya san bambancin gari na zama da gari na tuwo ya riga ya yi rabin tafiya wajen raba "ship" da "sheep".

Abin da ya fi cin rai shi ne danna gaɓa. Hausa da karin sauti take tafiya, kowace gaɓa ana ba ta haƙƙinta. Turanci gaɓa ɗaya yake dannawa, sauran ya murƙushe su. "Photograph" a gaɓar farko, "photographer" a ta biyu. Mutum na iya fitar da kowane baƙi tsaf amma a kasa gane shi saboda ya danna inda ba nan ba. Akwai darussan wannan a manhajar, kuma su ne muka fi ba da shawarar a daɗe a kansu, ana tafi da hannu a kan gaɓar da aka danna.

Sai aibinta. A kan Turancin Amurka aka gina ma'auninta. Tana son ka murɗa "r" a ƙarshen "car", ka sassauta "t" ta "water" har ta kusa zama "d". Ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare ya yi hattara, domin takardar furuci ta WAEC da NECO lafazin Ingila take bi. A can "court" da "caught" sauti ɗaya ne, a Amurka kuwa daban suke. Ƙamus ɗin Cambridge na intanet yana da maɓalli biyu a kowace kalma, na Ingila da na Amurka, kyauta. A riƙa duba shi a gefe.

Bin makin nan har ƙarshe shi ke haifar da Turancin hanci da ake yi wa dariya a majalisa, a ce wane ya fara karya harshe. Dariyar tana da tushe: mai yin sa hankalinsa na kan yadda yake fita, ba kan abin da yake faɗa ba, garin neman gira ya rasa ido. Masaniyar harshe Jennifer Jenkins ta nuna a 2000 cewa tsakanin waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, yawancin baƙaƙe, jerinsu a farkon kalma da tsawon wasali su ne ke riƙe fahimta, sautin "th" kuwa ba ya cikin na dole. Ka koye shi don raba "think" da "sink", harshe tsakanin haƙora kawai, amma in ya kuɓuce maka a tsakiyar magana, wuce abinka.

Katsina ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ita ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinare. Nemi jawabinsa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960 ka saurara. Ba ya gaggawa, kowane baƙi yana isa inda aka aike shi, kuma yana tsayawa inda ma'ana ta tsaya.

Wajen amfani, minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar, sauti ɗaya a mako. Shiga ɗaki ka rufe ƙofa, don ƙarar janareta ko keke napep tana sa ta ba ka ja ba da laifinka ba. Iyafis mai makirfo yana rage wannan. Kada ka biya kuɗin shekara kafin ka yi mako biyu da na kyauta. Duk Juma'a ɗauki muryarka kana karanta jimla biyar, ka tura ta WhatsApp ga wanda ba ya jin Hausa, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantarku daga Kudu, ka roƙe shi ya rubuto abin da ya ji. Kalmomin da ya rubuta ba daidai ba, su ne darasin mako mai zuwa.