Kuala Lumpur ko Bankok: Amsa Ga Hajiya Mai Shirin Hutu Da Yara

Hajiya, kin tambaya ina za ki kai yara hutu, Kuala Lumpur ta Maleshiya ko Bankok ta Tailan. Ki tafi Kuala Lumpur. Tunda hutun mako guda ne, ke da Alhaji da yara, ba sari ya fitar da ke ba, kada ki wahalar da kanki da dogon tunani. Garuruwan biyu duk na taka su. Bankok saro kaya ke kai ni, Kuala Lumpur kuwa ƙanina ya yi karatu a can, shi ya fara nuna mini gari, daga baya na koma da iyalina. Bari in faɗa miki inda kowanne ya fi.

Abin da ya raba mini gardama shi ne ciki da salla. A Maleshiya ba kya tsayawa tunanin me za ki ba yara. Gidajen abincin Malayu da na Musulman Indiya, waɗanda suke kira mamak, suna ko'ina, da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Hukumar addini ta ƙasar, JAKIM, ita ke ba da tambarin halal, za ki gan shi manne a ƙofar shago ko a jikin kwalin abinci. Da safe ki nemi roti canai, gurasa ce mai laushi da maiƙo, a yaga a tsoma a miya. Ki haɗa da teh tarik, shayi mai madara da suke ɗagawa sama suna tsiyayawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, sak irin na mai shayin bakin layinmu. Akwai nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, a sa mata soyayyar gyaɗa da ƙananan kifi da ƙwai da yajinsu. Akwai tsirensu ƙanana da ake ci da miyar gyaɗa, yarana a kansa suka ƙare. Abu ɗaya dai, suna son zaƙi a miya, har yajin nasu da sukari a ciki. Ki ƙulla yajinki na gida a jaka. Kuma idan aka ce miki ki je titin Jalan Alor cin abincin dare, ki sani yawancin rumfunan wurin na 'yan Sin ne, akwai naman alade da giya. Ki wuce Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayu ce mai gidajen katako a tsakiyar dogayen benaye, can za ki ci hankali kwance.

Salla kuma, kowace babbar kasuwar zamani tana da ɗakin salla, surau suke ce masa, na mata daban, da wurin alwala, da hijabai wankakku a rataye don wadda ta fito ba shiri. Tashar jirgin ƙasa akwai, filin jirgi akwai, gidajen mai na kan hanya akwai. Wata rana ruwan sama ya tsare mu a kasuwar da ke ƙarƙashin tagwayen benen Petronas har magariba ta yi. Na shiga ɗakin salla da 'yar autata a kafaɗa, tana ta rigima ta ƙi sauka. Wata dattijuwa Bamalaya da ta idar da tata sallar ta miƙo hannu, ba ta ce komai ba, ta karɓe ta ta ɗora a cinya tana jijjiga ta har na sallame. Da na zo karɓa ta tambaye ni ƙasata. Na ce Najeriya. Sai fuskarta ta washe, ta yi mini bayani da guntun Turanci da guntun Larabci cewa a Mina tantinsu yana kusa da na 'yan Najeriya, har sun sha ba ta abinci. Ta buɗe jaka ta ciro wani alkakinsu na shinkafa naɗe a ganyen ayaba ta damƙa wa yarinyar, ta shafa kanta ta yi mata addu'a. Har yau in na tuna garin, ita nake fara tunawa kafin benayen.

Bankok ma akwai halal, ba zan yi mata ƙarya ba, amma sai kin nema. Akwai layin Larabawa a Nana, wato Soi 3, akwai kewayen masallacin Darul Aman a Pratunam, akwai tsohon masallacin Haroon a Bang Rak. Da kin bar waɗannan wuraren sai ki koma tambaya, don abincin titi nasu har romon da man suyar na iya zama na alade, ga yara suna ganin abu yana ƙamshi suna nunawa. Sannan layin Larabawan nan tsallaken titi ne kawai tsakaninsa da unguwar mashaya. Ba wurin da za ki ratsa da yara bayan isha ba ne.

Wuraren kallo kuma. Tagwayen benen Petronas hawa 88 ne, tsayinsu mita 452, su ne suka fi kowane gini tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004. Ana hawa da mutane gadar da ta haɗa su a hawa na 41, daga nan a wuce hawa na 86. Tikitin yana ƙarewa da wuri, ki saya ta shafinsu na intanet tun kina gida, kuma galibi ranar Litinin ba sa buɗewa. In ma ba ki hau ba, ba ki yi asara ba. Lambun da ke bayansu kyauta ne, da filin wasan yara da ɗan tafkin da suke wanka, da dare kuma a kunna ruwa mai rawa da fitilu. A gefen lambun akwai masallacin As-Syakirin, Alhaji zai iya yin Juma'arsa a nan. Ƙarƙashin ƙasa kuma akwai gidan kifaye, Aquaria, inda ake bi ta wani rami na gilashi manyan kifaye suna wucewa ta saman kai. Duk wannan a wuri ɗaya, da ƙafa, ba hawa mota.

Amma wurin da nake roƙonki kada ki tsallake shi ne gidan adana kayan tarihin Musulunci, wanda aka buɗe a 1998, dab da babban masallacin ƙasa, Masjid Negara. Mutanenmu da yawa ba sa zuwa, sun fi son kasuwa, kuma abin yana damuna. A ciki akwai Alƙur'anai rubutun hannu na ɗaruruwan shekaru, daga ƙasashe daban-daban, kowace ƙasa da irin zayyanarta. Akwai ɗakin da aka ƙera ƙananan siffofin manyan masallatan duniya, har da na Makka da na Madina, yaro ya tsaya ya ga Harami gaba ɗaya daga sama. Akwai tufafi, takubba, kayan ado na mata, tangaran na Musulman Sin da rubutun Larabci a jiki. Babban ɗana da ke Islamiyya sai da na ja shi muka fita, yana ta gwada rubutun da na allonsa. Wurin da sanyi, ba hayaniya, ba tsada. In kun fito ku yi azahar a Masjid Negara, wanda aka gina a 1965, sai ku haura lambun tsuntsaye da ke kusa, inda ɗawisu ke yawo a tsakanin mutane.

Sauran a taƙaice. Putrajaya, garin ma'aikatun gwamnati, yana da masallaci mai ruwan hoda a bakin tafki, ku je da la'asar ku shiga jirgin ruwa. Genting kan dutse ne, ana hawa da keken igiya ta saman daji, akwai sanyi sosai, ki ɗaukar wa yara rigunan sanyi, ki kuma sani akwai gidan caca a can, ku tsaya ɓangaren wasan yara. Batu Caves wurin bautar Hindu ne a cikin kogo, matakala 272, ga birai masu fizgar leda. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki bar shi, ba dole. In da sauran rana, Melaka tafiyar kamar awa biyu ce a mota, tsohon garin sarautar Musulunci, da masallacinsa da aka gina a kan ruwan teku.

A Bankok manyan wuraren kallon kusan duk gidajen bautar Buda ne. Fadar sarki da aka fara ginawa a 1782, baƙo yana biyan baht 500 na kuɗinsu, sai Wat Pho mai gunkin Buda na kwance mai tsawon mita 46, sai Wat Arun a tsallaken kogi. Aikin hannu ne na ban mamaki, amma rana ce mai ƙuna, ga turmutsutsu, ga cire takalmi a kowace ƙofa, yara kuma minti kaɗan sun gaji. Abin da na yaba kawai shi ne jirgin ruwan haya mai tutar ruwan lemo a kogin Chao Phraya, kuɗi ƙalilan, iska mai daɗi. Kasuwar kan ruwa ta Damnoen Saduak da ake ta sawa a hoto kuwa, wani ɗan kamasho a otal ya sayar mana da tafiyar, kusan kilomita 100 daga gari, muka tashi tun asuba, muka tarar da kwale-kwale suna karo da juna cikin hayaƙin inji, kayan da ake miƙo mana kuma irin na cikin gari ne a ninkin kuɗi. Kuɗin nan har yau yana yi mini ciwo.

Zirga-zirga, dukkansu suna da jiragen ƙasa na cikin gari masu tsabta, kuma Grab, manhajar kiran mota ta waya, yana aiki a duka biyun. Daga filin jirgin Kuala Lumpur akwai jirgin ƙasa mai sauri da ke kai mutum tashar KL Sentral cikin kusan rabin awa, amma ku da kuke da yawa ga akwatuna, babbar mota ta Grab ta fi muku sauƙi. Wasu jiragen ƙasan nasu suna da taragon mata zalla. Cunkoson motocin Bankok kuwa sai wanda ya gani, tafiyar da ba ta kai komai ba sai ta cinye miki yamma guda.

Inda Bankok ta yi wa Kuala Lumpur fintinkau shi ne kasuwa, wannan ba musu. Pratunam da Platinum da Bobae na tufafi da kayan yara, Sampeng na sarƙoƙi da kayan kwalliya da jakunkuna, Chatuchak mai dubban rumfuna ranar Asabar da Lahadi. Amma wannan tafiyar aiki ce, ta mutum ɗaya da takalmi mai taushi, ba ta jan yara ba. Tsarabar da za ki buƙata kina samu a Kuala Lumpur, titin Tuanku Abdul Rahman da Masjid India, mayafai da hijabai da yadin batik, kuma ana yin ciniki.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa miki maganar macuta, don sun fara tun daga gida. Masu tallan tafiya a Instagram da WhatsApp da ke cewa biza tabbas, otal mai tauraro biyar, a turo kuɗi yau kafin gurbi ya cike, ki yi hattara da su. Babu ejan da ke da ikon tabbatar da biza. Ƙasashen biyu duk suna da ofishin jakadanci a Abuja, ku nemi sharuɗɗan daga can. In ejan ya ba ki takardar otal, ki kira otal ɗin da kanki ki ji ko sunanku na ciki, don akwai masu kama ɗaki su buga takarda, sannan su soke. Wata abokiyar sana'ata haka ta sauka da tsakar dare ba masauki. Ki riƙe katin rigakafin shawara, da tikitin dawowa da takardar otal a buge a takarda, don koren fasfonmu yana shan tambayoyi a duka filayen jirgin biyu. Kuma don girman Allah kada ki karɓi saƙon kowa, ko na wa ne, ko ƙulli ne ɗan mitsitsi. Dokar ƙwaya a ƙasashen nan tana kaiwa ga kisa.

A can kuma, in kin bi ta Bankok wata rana, duk mutumin kirki mai fara'a da ya tare ki kusa da fada ya ce yau a rufe take saboda biki, ƙarya yake. Zai haɗa ki da mai tuk-tuk, a-daidaita-sahunsu, a ce za a zaga da ke gari a kuɗi kaɗan, ƙarshenta a sauke ki shagon duwatsun ado ko na tela inda suke da kamasho. Duwatsun ba su kai kuɗin ba, kada ki saya. Ɗan tasin da ya ƙi kunna mita, ki sauka. Kuala Lumpur ma ba mala'iku ba ne. Jakunkuna da agogunan Petaling Street masu manyan sunaye jabu ne, in za ki saya ki saya da sanin haka, ki kuma raba kuɗin da aka faɗa. In Alhaji zai sayi waya a kasuwar kayan lantarki, ya ga kwali a liƙe, a buɗe a gabansa, a rubuta cikakken kuɗin a rasit kafin ya miƙa kati, don wasu sukan faɗi farashi mai sauƙi sannan su ƙaro na abubuwan da ba a nema ba. Jakar hannunki kuma ki rataye ta ɓangaren da ba na titi ba, akwai masu fizge a babur.

Masauki, ki kama gida mai kicin a kewayen KLCC, wato unguwar tagwayen benen Petronas, ko Bukit Bintang, ya fi ɗakin otal biyu arha, kuma kya dafa wa yara abin da suka saba. Tsakanin unguwannin biyu akwai gadar ƙafa rufaffiya mai sanyi, ko ana ruwa kuna wucewa. Ruwan nasu ya fi sauka da yamma, don haka ku riƙa fita da sassafe, ku bar wuraren cikin gini zuwa bayan azahar. In an nemi ringgit 10, kuɗin Maleshiya, na kowane dare a wurin karɓar baƙi kada ki ɗauka cuta ce, harajin gwamnati ne a kan baƙi 'yan ƙasar waje. In kin tsayar da ranar tafiya ki yi mini magana ta gefe, in tura miki jerin abin da za ki sa a akwatin yara.