Mun kwashe tsohuwar sabarmu ta Sun zuwa girgije da emuleta, ga yadda na ga abin

Mutane da yawa a harkarmu ba su yarda wai tsohuwar manhajar da ke kan Solaris, tsarin gudanar da kwamfuta na kamfanin Sun, za ta tashi a girgije, wato manyan kwamfutocin haya (saba) da ake shiga ta intanet, ba tare da an taɓa ko layi ɗaya a cikinta ba. To tana tashi, tamu ma tana can tana aiki yanzu haka, ana yanka rasit ana fitar da kaya da ita kullum. Amma akwai abubuwan da masu tallar hidimar ba sa tsayawa a kansu sosai, musamman ga wanda yake zaune a Kano ba a Landan ba, kuma su ne suka fi cin mana rai, shi ya sa na ga gara in rubuta duka, mai daɗin da marar daɗin.

Ina kula da kwamfutoci ne a wani kamfanin rarraba kaya, sito a Sharada, ofis a cikin gari, sai ƙaramin reshe a Kaduna. Duk lissafin kaya, bashin diloli, webil, rasit, komai yana kan inji ɗaya, Sun Fire V440 mai furosesa UltraSPARC IIIi, irin waɗanda suka fito a 2003, yana ɗauke da Solaris 8 da rumbun bayanai na Oracle 8i. Manhajar da ke kai wasu 'yan kwangila ne suka rubuta mana ita tun kafin in fara aiki a wurin, kamfaninsu ya daɗe da watsewa, asalin rubutun manhajar kuma babu shi a hannunmu, abin da muke da shi kawai wadda aka riga aka haɗa take gudana. Wannan shi ne tushen matsalar gaba ɗaya, don da muna da asalin rubutun da labarin ya sha bamban.

Injin nan fa bai yi mana laifin komai ba, ya yi aikin da ya wuce kuɗinsa, tsufa ne kawai ya kama shi. Oracle ta sayi kamfanin Sun a 2010, tallafin Solaris 8 ya ƙare a 2012, sabbin kayan gyara babu, sai na hannu daga waje, diskin SCSI ɗin da za ka saya shi ma sa'an wanda ya mutu ne, wani ya riga ya gaji da shi a Amurka ko Jamus kafin ya zo maka. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fankoki, ga zafin watan Afrilu da dole esi ya kwana yana aiki saboda inji ɗaya tak, ga dizal. Duk ranar da wuta ta yi wasa aka kashe shi, wajen kunnawa sai ka ga kowa ya yi tsit ana jira a ga ko zai tashi, manajan sito yana tsaye a ƙofa yana cewa Malam yaya dai, motoci na layi.

Mun duba sauran hanyoyi kafin mu zo kan emuleta. Sake rubuta manhajar daga farko shi ne daidai amma kuɗin da lokacin sun fi ƙarfinmu a wancan zangon, kuma akwai dokokin rangwame da na bashi da aka cusa mata shekara da shekaru waɗanda ko akantocinmu ba za su iya zayyano maka su duka ba, sun dai san tana yi. Ɗaukarta a ɗora kan sabar Intel kai tsaye ba zai yiwu ba don yaren furosesan daban ne, hatta yadda suke jera lambobi a ƙwaƙwalwa ya saɓa, SPARC, wato furosesan Sun, yana fara da babban ɓangare, Intel da ƙarami. Akwai kuma dabarar saka Solaris 8 a cikin wani keɓaɓɓen ɗaki a kan Solaris 10, amma ita ma sai da injin SPARC, wato ka rabu da tsoho ka sayi wani mai bin bayansa.

Emuleta kuwa tafinta ne. Manhaja ce da ke zaune a kan Linux a sabar zamani, tana yi wa Solaris kamannin injin Sun sak, duk umarnin da Solaris ya bayar da yaren SPARC sai ta juya shi nan take zuwa yaren Intel, shi Solaris ɗin bai ma san ya bar Sharada ba. Wadda aka fi sani a kasuwa ita ce Charon ta kamfanin Stromasys na Suwizalan, da ke da nau'i na tsofaffin injina daban-daban har da SPARC, sai kuma QEMU ta kyauta wadda ta fi ƙarfi a kan tsofaffin injina irin su SPARCstation, amma ita babu wanda za ka kira da tsakar dare idan ta tsaya. Mu ta hannun wani kamfanin kwangila muka bi, su suka kawo emuletan da lasisinsa suka kuma shirya mana wuri a girgije, don haka sharhin nan kan hidimar ne dunƙule.

Kwashewar kanta ta ba ni mamaki don sauƙinta. An ɗauki hoton kowane diski ɗungurungum ya zama fayil, aka tura sama, aka nuna wa emuletan su a matsayin diskinsa. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne turawar, saboda layinmu, sai da dare muke yi. Wurin da na fi jin tsoro shi ne lambar shaidar injin, don manhajarmu a ɗaure take da ita, idan lambar ta canja ba za ta buɗe ba, kuma a V440 lambar tana cikin wani ɗan kati ne mai girman katin banki da ke maƙale a jikin injin. Ashe a emuleta rubuta ta kawai ake yi a fayil ɗin saiti. Da aka kunna na ga allon nan na OpenBoot, wanda injin Sun ke fara nunawa idan an kunna shi, ya fito da alamar ok ɗinsa yadda na saba gani, aka buga boot, Solaris ya hau, rumbun bayanai ya buɗe, wallahi sai da na ji wani sanyi a raina. Mun bar tsohon da sabon suna tafiya tare na wani lokaci muna gwada rahoton rufe wata a kan kowanne, lambobi suka fito iri ɗaya har kwabo, sannan oga ya yarda a juya.

Wajen gudu kuma ba ni da ƙorafi. Rahoton ƙarshen wata da a da akanta zai saka ya tafi sallah ya ci abinci ya dawo, yanzu kafin ya gama shan shayi ya fito, kuma ni a ganina yawancin ribar daga diski take, don SSD, diskin zamani marar juyawa, ya maye gurbin tsofaffin masu juyawa. Sai dai a sani, emuleta yana son furosesa mai saurin gaske a kan kowace ƙwaya ɗaya, wato kowane ɓangaren furosesa mai aiki da kansa, tarin ƙwayoyi masu sanyi ba ya amfane shi, kuma kowane furosesan SPARC da kake kwaikwaya yana cin ƙwaya guda ta kansa, ga wasu daban na fassara da na shige da ficen bayanai. Da farko an ɗora mu a kan ƙaramar saba don rage kuɗi, aikin ya riƙa yin nauyi da rana lokacin da kowa ke ciki, sai da aka ƙara mata girma, kuɗin wata ma ya ƙaru. Da sun faɗa mana haka tun a takardar farashi ta farko da ya fi.

Ajiyar kwafi ita ce abin da na fi yabawa. A da kaset muke sakawa kowane dare, kuma kowa ya san kaset sai ranar da kake buƙatarsa yake nuna maka halinsa. Yanzu hoton diskin gaba ɗaya ake ɗauka, kuma na gwada da hannuna, na tayar da kwafin jiya a wata saba daban ya hau lafiya lau. Wannan kaɗai ya sa nake barci.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar, na farko layi. Ranar da ka kai sabarka girgije, ranar layin intanet ya zama jijiyar kamfaninka. Tamu tana Afirka ta Kudu ne, don nan ne manyan masu girgije suke da cikakkun cibiyoyi mafi kusa da mu a lokacin, Microsoft ta buɗe a Johannesburg a 2019, AWS ta Amazon a Cape Town a 2020. Tsohuwar manhaja irin tamu an rubuta ta ne da tunanin saba tana ɗaki na gaba, kowane harafi da ma'aikaci ya danna sai ya je ya dawo kafin ya bayyana a allo, to ka ƙiyasta tafiyar daga Kano zuwa Legas zuwa ƙarƙashin teku. Masu yanka rasit da hannunsu ya saba da gudu suka fara ƙorafi tun ranar farko, suna da gaskiya kuma, don yatsa yana riga allo. Maganin da aka yi shi ne an kafa wata kwamfutar Windows a can kusa da sabar, ma'aikata suna shiga ta daga nesa, ita kuma tana magana da Solaris a kusa. Ya rage matsalar sosai amma ƙarin kuɗi ne da ba ya cikin lissafin farko. Firintocin webil masu allura su ma sai da aka sha fama kafin su karɓi aiki ta cikin VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar da ke haɗa ofis da sabar ta intanet, kuma a wannan wajen 'yan kwangilar sun bar mu da kanmu fiye da yadda ya kamata, amsarsu kullum ita ce ai emuleta yana aiki, sauran na wajenku ne.

Sai ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, abin ya taɓa ƙasashe da yawa har bankuna a Najeriya. Sabarmu tana can lafiyarta ƙalau, mu ne muka kasa isa gare ta yadda ya kamata, aka koma rubuta webil da biro ana shigarwa daga baya. Tsohon injin da ke Sharada duk tsufansa bai san wata waya a teku ba. Bayan nan ne muka ƙara layi na biyu daga wani kamfani daban muka kuma saka Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, wanda ya fara aiki a Najeriya tun farkon 2023. Duk wanda zai yi wannan ƙaura ya saka kuɗin layi biyu a cikin kasafinsa tun ranar farko, ba na ganin wannan a matsayin zaɓi.

Na biyu dala. Lasisin emuleta da dala ake biya duk shekara, hayar girgije da dala duk wata. Mun yi kasafinmu lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, a watan Yunin 2023 aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kuɗin bai canja ba a takardarsu amma a aljihunmu ya ninka fiye da sau uku, kuma ni ne nake shiga ofishin Alhaji in yi bayani, ranka ya daɗe ba ƙari suka yi ba canji ne. Idan aka cire dizal da esi da kayan gyara da muka daina saya har yanzu ina ganin ba mu yi asara ba, amma wanda ya ce maka za ka samu rarar kuɗi mai yawa a Najeriyar yau bai yi lissafin da naira ba. A kuma zauna da mai sayar da rumbun bayanai da duk wata manhaja mai lasisi a tabbatar sharuɗɗansu sun yarda da gudana a girgije kafin a motsa, kada odita ya zo daga baya.

Abu na uku shi ne wanda na fi so shugabannin kamfanoni su ji da kyau, don na lura da zarar abin ya tashi sai hankalin kowa ya kwanta a ce an gama. Ƙarfe kawai aka canja. Solaris 8 ɗin nan shi ne dai na shekarar 2000, babu sabon facin tsaro da zai zo masa, telnet ɗin da muke shiga da shi a fili yake tura kalmar sirri, don haka mun kulle sabar gaba ɗaya, ba ta ganin intanet ko kaɗan sai ta VPN. Bayanan diloli da na ma'aikata kuma yanzu suna wata ƙasa, ga dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 da ke da sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje, sai da lauyanmu ya duba kwangilar. Sannan akwai 19 ga Janairu 2038, ranar da agogon tsofaffin manhajojin Unix, dangin su Solaris, masu 32-bit zai cika ya juye, emuleta kuma zai kwaikwayi wannan juyewar daidai yadda ainihin injin zai yi, don aikinsa ke nan. Masu sanin Solaris ma raguwa suke yi, yaran da ke fitowa daga BUK yanzu Linux suka sani, kuma ba laifinsu ba ne.

Idan aka ce in ba da maki zan ba emuletan kansa huɗu da rabi cikin biyar, hidimar 'yan kwangilar uku, saboda farashin farko da bai faɗi komai ba da kuma yadda suka janye jiki a kan firinta da layi. Ga wanda ke da manhajar da babu asalin rubutunta, injinsa na tari, kasuwancinsa kuma ba zai jure tsayuwar yini guda ba, ina ba shi shawarar ya yi, amma ya nemi a ba shi gwaji da ainihin bayanansa da ainihin ma'aikatansa a kan ainihin layinsa kafin ya sa hannu. Wanda kuma duk ma'aikatansa suna gini ɗaya kuma layinsa ba shi da tabbas, ya tambaya a ɗora masa emuletan a kan sabuwar saba a ofishinsa, girgije ya zama wurin ajiye kwafi kawai, ana yin haka kuma da yau za mu sake zaɓe da wannan zan fi karkata. Mu dai yanzu mun fara fitar da bayanan daga Oracle 8i tebur bayan tebur muna rubuta dokokin rangwamen nan a takarda tare da akantoci, kuma na roƙi Alhaji a saka kuɗin sabuwar manhaja a kasafin baɗi kafin lokacin sabunta lasisi ya sake zagayowa.