Hattara da masu wankin mukayyif na riyal talatin

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda. Abin da aka yi wa goggona a gidanta da ke Shari' Mansur ne ya hana ni yin shiru, musamman yanzu da zafi ya kawo jiki, kowa yana neman wanda zai wanke masa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki (AC).

Wata 'yar takarda aka saƙala mata a jikin ƙofa, kuma na ga irinta tana yawo a WhatsApp: wankin mukayyif riyal 30, duba gas kyauta, garanti na shekara guda. Ba sunan shago, ba adireshi, sai lambar waya. Duk wanda ya taɓa kiran mai gyara na gaske ya san riyal talatin ko wahalar hawa saman gida da ɗaukar kayan aiki ba za ta biya ba. Amma Goggo tsohuwa ce da ke riƙe da jikoki uku, da ɗan abincin da take sayarwa take ciyar da su. Ta ga sauƙi, ta kira a wanke mata mukayyif biyu, na ɗakinta da na ɗakin yaran.

Mutum biyu suka zo bayan la'asar. Ɗaya ya tsaya a ɗaki yana wanke ragar tace ƙura yana jan ta da hira, ɗayan ya hau sama wurin injin waje shi kaɗai. Bai jima ba ya sauko ya ce, “Hajiya, wankin nan ba zai amfane ki da komai ba, firiyon ɗinki ya ƙare, duka biyun.” Firiyon shi ne gas ɗin da ke sa mukayyif sanyi, cikawa riyal 200 kowane. Ta kira ni ina kan hanyar Jidda da fasinja, na ce, “Goggo, ki dakata in dawo.” Suka ce mata akwai gida biyar da ke jiran su, kuma rangwamen na yau ne kawai. Ta biya 460. Kafin su fita suka ƙara karɓar 300, wai rajistar shekara, za su riƙa zuwa duk wata uku.

Kwana tara, mukayyif ɗin ɗakinta ya koma hura iska mai ɗumi. Da ta kira, mutumin ko zuwa bai yi ba, ta waya ya yanke hukunci cewa kwamfireso, injin da ke tura gas ɗin, ya ƙone, sabo riyal 900, a tura rabi kafin alƙalami. Na karɓi wayar na ce, “Malam, ina shagonku yake? Ni zan kawo kuɗin da hannuna.” Ya ce zai turo min wurin. Tun daga ranar lambar a kashe take.

To ga abin da nake so kowa ya riƙe, don a kansa damfarar nan take tsaye: gas ɗin mukayyif ba ya ƙarewa kamar gas ɗin girki ko man mota. A rufe yake cikin bututun jan ƙarfe, yana zagayawa tsakanin injin ciki da na waje, ba ƙonewa yake yi ba. Mukayyif mai lafiya zai yi shekaru ba a ƙara masa ko kaɗan ba. Idan gas ya ragu, to akwai inda yake yoyo, ko kuma wani ya sake shi da gangan. Mai gyara na ƙwarai zai fara neman yoyon, da kumfar sabulu ko da na'ura, ya ɗaure ko ya yi walda, ya zuƙe iskar da ta shiga bututun, sannan ya cika daidai nauyin da aka rubuta a jikin injin waje. Wanda ya ce maka gas ya ƙare, ya ɗura sabo bai nuna maka inda tsohon ya bi ba, zuba ruwa a kwando ya yi da kuɗinka, kuma ya sani.

Na kawo wani mai gyara da ke da shago a unguwa, muka hau tare. Abin da ya nuna min ya sa jikina ya yi sanyi. Bakin da ake ɗura gas a kwance yake, ba a mayar da murfinsa ba. Kafasita, wata 'yar gwangwani da ke taimaka wa kwamfireso tashi, an cire ta Goggo an sa tsohuwa wadda ta kumbura. Da ya canza ta ya kunna, kwamfireso ya tashi lafiya lau. Abin da kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kwamfireso ba, shi suka so su mayar riyal 900. Ba na shakkar da an tura rabin nan, ko dai su ɓace, ko su zo su kwance lafiyayyen kwamfireso su tafi da shi su sayar wa wani.

Sai maganar irin gas ɗin. A jikin injin Goggo an rubuta R410A, wanda tukunyarsa galibi ruwan hoda ce. Babban jikanta ya ce koriya ya ga sun hau da ita, wadda galibi ta R22 ce, gas ɗin tsofaffin injuna. Ba a haɗa su, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, man da ke cikin kwamfireso ma daban ne. Dole aka zubar da abin da suka sa aka sake cikawa daga farko.

Kuɗin da suka ci ya yi min ciwo, amma ba shi ya fi damu na ba. Zafin Makka ba abin wasa ba ne. A Hajjin 2024 ma'auni ya haura digiri 51 a Harami, mutum sama da 1,300 suka rasu, da yawansu saboda zafi. Goggo tana da hawan jini. Mutumin da zai lalata wa tsohuwa mukayyif a irin wannan gari don riyal ɗari bakwai, da ranta yake wasa. Kuma ba a banza suke zaɓar unguwanninmu ba. Sun san a cikinmu akwai wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, akwai matan da mazajensu suke wuni a wurin aiki, akwai tsofaffin da ba sa karanta Larabci. Sun san da wuya mu kai ƙara, shi ya sa suke cin karensu ba babbaka.

Mafi yawan abin da ake kira wankin shekara, kai ma za ka iya. Kashe wuta, ɗaga murfin gaba, zare raga, wanke ta da ruwa, bar ta ta bushe a inuwa, ka mayar. A lokacin ƙura duk mako biyu ya kamata. Raga mai datti kaɗai ta isa ta rage sanyi, ta sa ƙanƙara ta taru a ciki, ta kuma hau da kuɗin wuta, wanda kowane kilowat-awa halala 18 ne (halala ɗari ke riyal guda), abin da ya haura 6,000 a wata kuma halala 30. Ruwa na ɗiga a ɗaki? Galibi bututun fitar da ruwa ne ya toshe. Ka share shara da ƙurar da ke kewaye da injin waje ya samu iska. Wankin ciki da injin fesa ruwa da duk abin da ya shafi wuta ko gas, wannan kam sai mai sana'a.

In za ka kira shi, ka kira mai shagon da ƙafarka za ta iya kai ka, wanda ke da rajistar kasuwanci. Ku yi ciniki tun bai taɓa komai ba. Kada ya hau sama shi kaɗai. Kai ko ɗanka ku bi shi, ku ɗauki hoton injin da takardar da ke jikinsa kafin ya kwance. Duk abin da ya canza ya ba ka tsohon a hannu, ya kuma ba ka fatura, wato rasit, mai sunan shago. In mukayyif ɗinka bai kai shekara biyu da saye ba, wakilin kamfanin za ka nema, don yana cikin garanti, kuma barin wani ya buɗe shi kan iya ɓata maka garantin. Wasu kuma yanzu mahaɗi suke turowa a waya, wai a biya riyal goma na kama layi, sai su nemi lambar sirrin da banki ya turo. Kada ka bayar, ko da rantsuwa.

Wanda aka riga aka cuta, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi ta lamba 1900 da manhajarta ta Balagh Tijari. Wanda yake tsoron takardunsa ya nemi ɗan uwa mai iƙama a gidan ko maƙwabci ya taimaka masa, kamar yadda na shigar da na Goggo da hoton takardar da lambar wayar.

Mukayyif ɗin ɗakinta ya dawo aiki. Na ɗakin yaran mai gyara ya duba, shi ma bakin gas ɗinsa a kwance yake, sai ƙarshen wata in na karɓi albashi za a cika shi. Kafin nan su huɗu suke kwana a ɗaki ɗaya. Shekaranjiya maƙwabciyarta ta nuna min takardar da aka saƙala mata: rubutu iri ɗaya, farashi iri ɗaya, lambar waya ce kawai aka canza.