Na shiga cikin zanen Rembrandt ta wayata

Sana'ata zanen allunan shaguna da fuskokin mutane, shekara 11 ke nan ina yi. Ƙanena ne ya turo min shafin gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam, ya ce, "Yaya, ga abokin sana'arka ka gani." Hoton zanen Rembrandt ne, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holland, wanda ake kira Sintirin Dare, da ya kammala a 1642; rundunar mayaƙa masu tsaron birnin ce ya zana a ciki. A farkon 2022 gidan ya saki hotonsa mai gigafiksel 717, wato ƙananan ɗigon hoto biliyan 717, wanda aka harhaɗa daga hotuna 8,439, kuma kallonsa kyauta ne. Mako biyu ke nan kullum sai na leƙa.

Abin da ya kama ni shi ne, duk yadda ka ja hoton da yatsa ba ya dishewa. Kana matsowa har ka ga sawun gashin buroshi da tsagar fenti. Na fi daɗewa a kan rigar mataimakin kyaftin, Willem van Ruytenburch, mai ruwan ɗorawa. Daga nesa sai ka rantse surfani ne na zaren zinare, da ka matso kuwa sai ka tarar da dunƙulen fenti mai kauri an ɗora shi kamar yaɓe. Inuwar hannun kyaftin Frans Banninck Cocq ta sauka a kan rigar, daidai inda aka zana tambarin birnin Amsterdam. Wallahi na yi shiru na wani lokaci. Mu nan mun saba shafe fuska ta yi sumul don mai hoto ya ji daɗi, shi kuwa mutumin nan da haske da duhu yake gina mutum.

Ashe ma ba dare ba ne. Man da aka shafa a saman zanen ne ya yi duhu da tsufa, sunan ya bi shi. Akwai wata yarinya a tsakiyar mayaƙan da kaza rataye a ƙugunta, hasken da ke kanta ya fi na kowa. A 1715 an yanke gefunan zanen don ya shiga bangon zauren majalisar birni. Wannan ɓarna ta yi min ciwo ƙwarai.

Shi kansa mai zanen ɗan mai injin niƙa ne, an haife shi a Leiden a 1606. A shekarar da ya gama wannan aiki matarsa Saskia ta rasu. Bashi ya durƙusar da shi a 1656, har aka yi gwanjon kayansa da gidansa, ɗansa Titus ya riga shi tafiya, shi ma ya rasu a 1669 aka binne shi a kabari marar suna.

Matsalar da na samu ta wajena ce: yana cin data sosai, kuma idan sabis ya yi rauni sai hoton ya riƙa buɗewa gutsure-gutsure. Ranar da na kalla a kwamfutar wani abokina ne na ga karen da ke gefen mai ganga sosai, fentinsa ya koɗe har ya kusa ɓacewa. Wanda ke da babban allo ya fara da shi.

Shekaranjiya wani Alhaji ya kawo hotonsa in zana. Da na zo kan aikin hularsa sai na ƙi tsinka fentin, na ɗora shi da kauri, na bar rabin fuskar a inuwa.