Daga Ingila zuwa Gombe: jinin maƙogwaro da ake tsayarwa ta cinya

Yaya, bayan gaisuwa, ga labarin aikin da kika tambaya, na yadda ake tsayar da jinin maƙogwaro a asibiti nan Ingila.

Kin san mara lafiyar da aka huda wa maƙogwaro aka sa bututun numfashi. Akwai babbar jijiyar jini da ta gitta ta gaban maƙogwaron, a bayan ƙashin ƙirji. Idan ɗan balan-balan da ke kewaye da bututun, wanda ake hura wa iska ya toshe gefensa, ya cika iska fiye da kima, ko bakin bututun ya yi ta gugar wurin, sai ya ci har ya kai ga jijiyar. Bai kai mutum 1 cikin 100 da ke gamuwa da wannan ba, galibi cikin makonni 3 na farko bayan sa bututun, amma in ta ɓalle, sai wani ikon Allah.

A gida, tsaga ƙirji muka sani, shi ma in an samu likitan da zai yi. Nan kuwa wani lokaci ta gindin cinya ake shiga. Likita zai zura siririyar waya cikin jijiya, idonsa na kan allon hoto, ya bi da ita har ƙirji, ya buɗe wani ɗan bututun raga mai rufi ya toshe ɓular daga ciki. Wani likitan Suwidin, Seldinger, ya fito da dabarar zura wayar tun 1953. Na tsaya a kan guda da aka yi wa wani dattijo: da aka gama, ɗan filasta kawai na gani a cinyarsa. Ba a cewa an tsira dai, don ƙwayoyin cuta na iya kama ragar, a koma tiyata.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai ma ƙananan kayan ne. Kowane gado da akwatinsa na bututun canji. Akwai 'yar na'urar auna iskar balan-balan, ana so awon ya tsaya tsakanin 20 da 30 a jikin na'urar, kowane canjin aiki sai an auna an rubuta. Mu da yatsa muke latsawa mu ce ya yi. Jini kuma yana ajiye, ba a tura dangi neman mai bayarwa da tsakar dare, ba a cewa a biya kafin a taɓa mutum.

Don Allah ki ja kunnen ɗalibanki: ɗan jinin da ya ɓullo a bututu ya tsaya da kansa, kada a share a yi shiru, sau da yawa shi ne gargaɗi. In ya ɓalle, a ƙara wa balan-balan iska, a kira likita da gudu.

Na sayi na'urar awon guda biyu, zan ba mai zuwa gida ya kawo miki. A gaishe min da Inna.